Masu Sama da Masu Ƙasa: Zaman Tetra da Dangin Tarwaɗa a Tanki Ɗaya

Ƙorafin masu kiwon kifin ado kusan iri ɗaya ne duk inda ka ji shi. Mutum ya sayo 'yan tetra goma sha biyu, ƙananan kifayen ado, irin masu zanen shuɗi da ja ɗin nan da ke ƙyalli kamar an kunna musu fitila a ciki, ya haɗa su da wani kifi mai dogon gashin baki da mai sayarwa ya ce zai riƙa share masa ƙasan tanki. Makon farko lafiya lau. A mako na uku ya ƙirga, sai ya ga sha ɗaya. Bayan kwana biyu sun koma goma. Babu gawa, babu rauni a jikin sauran, bai kuma taɓa ganin an yi faɗa ba. Shi kuwa mai gashin baki yana kwance a kogonsa, ciki ya yi tim, ko yatsa aka sa masa a baki kamar ba zai ciza ba.

Daga nan sai a yanke hukunci cewa tetra da dangin tarwaɗa ba sa ga maciji da juna. Hukuncin kuskure ne. A duk haɗe-haɗen da masu kiwon kifin ado ke yi a ruwan daɗi, da wuya ka sami wanda ya kai wannan dacewa. Inda gizo ke saƙar shi ne sunan. "Dangin tarwaɗa" laima ce da ta rufe nau'in kifi sama da 3,000, tun daga ɗan mitsitsin koridoras da bai wuce santimita 3 ba, har zuwa ƙaton kogin Mekong, wanda aka taɓa kama guda a Tailan a 2005 mai nauyin kilo 293. Don haka wanda ya tambaye ka ko tetra za su zauna da kifi mai gashin baki, tamkar ya tambaye ka ne ko 'yan tsaki za su kwana da dabba mai ƙafa huɗu. Wace dabba? Zomo ko muzuru?

Ni dai abin da na fahimta shi ne, makomar irin wannan tanki ba a sama take ba, inda ido ke zuwa kallo. A ƙasa ake yanke ta, galibi kuma bayan an kashe fitila.

Me ya sa haɗin yake yiwuwa tun farko

Tankin kifi gidan bene ne. Tetra 'yan tsakiya ne da sama. Bakinsu gaba yake kallo, da ido suke farauta, abin da ya faɗo daga sama ko yake shawagi a ruwa shi suke cafkewa. Koridoras kuwa bakinsa ƙasa yake kallo, cikinsa shafaffe ne don kwanciya, da gashin baki yake lalube yana ɗanɗanar abin da ke cikin yashi. Wurin zamansu daban, wurin cin abincinsu daban. Zaman 'yan marina ne, kowa da inda ya sa gabansa.

Sannan 'yan yanki ɗaya ne. Niyon, wato tetran nan mai zanen shuɗi da ja, wanda masana ke kira Paracheirodon innesi, daga saman kogin Amazon yake, wajen Peru da Kolombiya da Brazil, kuma a 1936 George Myers ya yi bayaninsa a kimiyyance. Ɗan'uwansa kadinal, wanda jan zanensa ya bi jiki tun daga kai har wutsiya maimakon ya tsaya a rabi, daga Rio Negro da Orinoko yake, a 1956 aka raɗa masa suna. Koridoras da oto da ansistirus, ƙanana daga cikin dangin tarwaɗa, duk 'yan Kudancin Amurka ne. Ruwan da ya yi wa wannan shi ya yi wa wancan: maras yawan ma'adinai, mai ɗan tsami ko tsaka-tsaki, wato pH, ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 6 da 7.5 ga yawancin waɗanda aka haifa a gonakin kifi. Akwai ma wani ƙaramin koridoras, hastatus, a yankin kogin Paraguwai, da ke kutsawa cikin garken wasu ƙananan tetra masu irin baƙin tabon wutsiyarsa, su yi ta yawo tare, mai farauta ya rasa wa zai kama.

Wani abin da ya haɗa su, wanda ba a cika faɗa ba: dukansu suna da wasu 'yan ƙasusuwa da ke sadar da jakar iskar cikinsu da kunne, waɗanda Bajamushe Ernst Weber ya bayyana tun 1820. Jinsu ya fi na kifaye da yawa kaifi. Ƙwanƙwasa gilashi da yaro ke yi don wasa, ko ajiye tanki kusa da lasifika, su a wurinsu aradu ce.

Dokar baki

Kifi ba shi da mugunta, ba shi kuma da amana. Abin da ya shiga bakinsa abinci ne, shi ke nan. Niyon bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, siriri ne kuma. Idan duhu ya yi, ƙyallin jikinsa yakan dushe, ya sauko kusa da ƙasa ko cikin ganye ya yi lamo. A daidai wannan lokacin ne wasu ke tashi daga barci.

Wanda ya fi yawan aikata ɓarnar da na fara da ita shi ne fiktus, Pimelodus pictus, fari tas kamar azurfa, da baƙaƙen ɗigo da gashin baki da ke kaiwa har wutsiya. Yana da kyau, ba a musu. Ana sayar da shi yana santimita 5, ya girma ya kai 12 ko fiye, bakinsa kuma ya fi yadda ake zato faɗi. Ajiye shi da niyon bai wa kura ajiyar nama ne. Ba laifinsa ba ne, abin da aka halicce shi a kai yake yi.

Akwai waɗanda ma maganar ko za su ci tetra ba ta taso ba, domin babu tankin gida da zai ɗauke su. Mai jar wutsiya na Amazon, da fangasiyus na Mekong da ake sayarwa da sunan shak alhali ba shi ba ne, da ita kanta tarwaɗa, duk ana samunsu 'yan ƙanana kamar yatsa, duk kuma suna iya haura mita guda. Ka ji an ce "kifi daidai girman tankinsa yake tsayawa", ka san cewa ko dai mai maganar bai sani ba, ko yana son ciniki ya faɗa. Wanda ya tsaya bai girma ba, tsumburewa ya yi saboda ƙunci da gurɓataccen ruwa.

A tsakani akwai masu "ya danganta". Ɗan ƙurungun Kwango da ke iyo a rigingine, Synodontis nigriventris, ba ya wuce santimita 10, yana kuma zama lafiya da tetra masu jiki irin na Kwango da ke kai santimita 8. Amma manyan ƙurungu da ke kai 20, ba zan bar su da niyon ba. Haka rafayel mai farin zane a baƙin jiki: da rana waliyyi, da dare sai abin da ya samu. Shi kuwa kifin gilashi na Tailan, wanda ake hango ƙasusuwansa ta cikin jiki, ɗan dangin ne amma a tsakiyar ruwa yake zama cikin garke, ga tsoro, don haka sai da tetra masu sanyin hali.

Feleko, ɗan dangin da ke manne wa gilashi da baki, matsalarsa ta daban ce. Ba ya farautar kowa, bakinsa na tsotso ne. Sai dai wanda aka fi sayarwa da sunan mai goge gilashi yana kai santimita 30 zuwa 50, yana tumɓuke shuke-shuke, kashin da yake fitarwa kuma ya ninka dattin da yake gogewa. Mutane da yawa da suka gaji da shi sun je sun sake shi a rafi, shi ya sa yau ya zama annoba a Florida da Texas, da madatsar Infiernillo ta Meziko, da kogin Marikina na Filifin. Mai son irin wannan kifin ya nemi ansistirus, wanda namijinsa ke da tsiro kamar gemu a hanci. Santimita 12 zuwa 15 ne iyakarsa.

In aka tace, saura uku ne da zan iya ba kowa shawara a kansu ba tare da ɗar-ɗar ba: koridoras, oto, da ansistirus. Tambayar da ta kamaci mai saye ba "yana da faɗa?" ba ce. Tambayar ita ce ina zai tsaya in ya gama girma. A nemi sunansa na kimiyya a duba kafin a biya kuɗi. Sai dai a sani cewa a 2024 masana sun rarraba koridoras zuwa gidaje da dama, har wasu sanannu suka koma Hoplisoma da Osteogaster, amma masu sayarwa da masu kiwo har yanzu da tsohon sunan suke kiransu, ni ma shi zan ci gaba da amfani da shi.

Ba ɗan shara ba ne

A nan nake so in daɗe, domin wannan kuskuren ya fi fiktus kashe kifi, sai dai shi a hankali yake yi, babu wanda ke lura.

An saba sayar da kifin ƙasa da sunan mai tsaftace tanki. Mai saye sai ya ɗauka ya sami ma'aikacin da ba a biya, ba a ciyarwa. Babu kifin ado da ke rayuwa da kashin wani kifi. Koridoras a rafinsu tsutsotsi suke ci, da 'ya'yan ƙwari, da ƙananan halittun cikin laka. Masu son nama ne, gansakuka ba abincinsu ba ce. Abin da suke yi a tanki shi ne tsintar abincin da ya kuɓuce wa na sama. To, me ke kuɓuce wa tetra? Duk wanda ya taɓa barbaɗa wa garken tetra goma sha biyar abinci ya san amsar. Kafin ka mayar da murfin gwangwani sun lashe. Abin da zai kai ƙasa bai taka kara ya karya ba.

Mai tanki sai ya faɗa ɗaya daga cikin ramuka biyu. In ya bi shawarar "a ba su abin da za su cinye cikin minti biyu", tetra su ƙoshi, koridoras su yi ta ramewa wata da watanni, cikinsu ya lotsa, wata rana a tsinci gawa a ce ajali ne. In kuma ya lura ya ƙara yawan abincin don ya kai ƙasa, tetra su cika ciki har su kumbura, ragowar ta ruɓe, ruwa ya lalace. Gaba kura, baya sayaki.

Mafitar ba ta da wuya. A raba lokaci, a raba wuri. A barbaɗa wa tetra nasu mai falle-falle a wannan gefen, a daidai lokacin kuma a jefa ƙwayoyi masu nutsewa a wancan gefen. Wanda ya fi wannan ma shi ne a jefa na ƙasa bayan an kashe fitila da 'yan mintuna. Tetra da ido suke nema, duhu ya ɗaure musu hannu. Koridoras da ansistirus kuwa gashin baki da hanci ne jagoransu, duhu bai dame su ba. Da safe a duba: in an ga ragowa, an yi yawa, a rage. Sau ɗaya ko biyu a mako a ba su jar tsutsa daskararriya ko makamanciyarta, za ka ga yadda suke cusa kai cikin yashi har ido.

Oto shi ne mafi rauni a cikinsu. Ɗan ƙarami ne, santimita 4 zuwa 5, kuma shi da gaske gansakuka yake ci, amma mai laushi, da wannan santsin da ke taruwa a jikin ganye da gilashi. Yawancin waɗanda ake sayarwa daga rafi aka kamo su, sun yi kwanaki a hanya babu ci, sun iso a galabaice. Na taɓa zuba guda shida a tankin da bai fi mako biyu da haɗawa ba, gilashi fes, ina ta alfahari da tsaftarsa. Cikin kwana goma saura biyu. Tsaftar da nake taƙama da ita, su a wurinsu fari ne. Tun daga nan ba na sa oto sai tanki ya yi wata uku aƙalla, kuma in zan saya sai na jira ya manne a gilashi na kalli cikinsa. In ya yi ɗan tulu, to. In ya shafe ko ya lotsa, na haƙura. Ko bayan sun zauna, gansakukar tanki ɗaya ba ta isar garke, sai an riƙa taimaka musu da yankan kokwamba da aka ɗan tsoma a ruwan zafi, a cire ragowar kafin ta kwana biyu ta ɓata ruwa.

Ansistirus ya fi su juriya. Ganye da ƙwayoyin gansakuka sun ishe shi, sai guntun itace da zai riƙa gurza, da kogon da zai ce nasa ne. Maza biyu a ƙaramin tanki za su yi ta ture-ture a kan kogo, don haka guda ɗaya ya wadatar.

Daɓen gidan

Akwai muhawarar da ta daɗe tsakanin masu kiwo kan abin da ke cinye gashin bakin koridoras. Wasu sun ce tsakuwa mai kaifi ce, wasu sun ce dattin da ke maƙalewa ne da ƙwayoyin cutar da yake tarawa. A ganina duk biyun hanyarsu ɗaya: tsakuwa mai manyan ƙwayoyi tana barin abinci ya zurara inda kifi ba zai kai ba, ya ruɓe a can, shi kuma ya yi ta gurza baki yana nema a cikin ƙazanta. Yashi mai laushi ya kashe maganar. Abinci a samansa yake tsayawa, kuma a nan ne za ka ga ainihin ɗabi'ar koridoras, ya ɗebi yashi da baki ya tace, ya fesar ta kafofin numfashinsa. Kauri santimita 2 zuwa 3 ya isa inda babu shuka. Koridoras da ya rasa gashin baki kamar makaho ne da aka ƙwace wa sanda.

Wajen zaɓen tanki kuma faɗin ƙasa ya fi tsawon sama muhimmanci. Tetra tsayi suke so don gudu, na ƙasa fili suke so don kiwo. Dogon tanki siriri mai kama da hasumiya ba ya yi wa ko ɗaya. Lissafin saukakke ne: tsayi sau faɗi sau zurfi a santimita, a raba da 1,000. Mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan, zai ɗauki ƙananan tetra irin emba guda goma da 'yan mitsitsin koridoras takwas. Mai 80 da 35 da 40 lita 112 ne, zai ɗauki niyon goma sha biyu zuwa sha biyar, koridoras takwas, da ansistirus guda. Kada a manta kowace lita kilo guda ce, kafin a zo ga nauyin yashi da gilashi, teburin ya zama mai ƙwari.

Ka lura ban ce koridoras ɗaya ko biyu ba. Shi ma ɗan garke ne kamar tetra, a rafi ɗaruruwa suke tafiya. Guda ɗaya zai wuni a lungu, ka ɗauka haka halinsa yake. Ka haɗa shida ko takwas nau'i ɗaya, ka ga wani kifi daban. Tsince-tsince, ɗaya daga wannan nau'i ɗaya daga wancan, kwalliya ce ga mai tanki, ba garke ba ne ga kifi.

Abubuwa biyu kan tsorata sabon shiga. Na farko, zai ga koridoras ya taso a guje daga ƙasa, ya kurɓi iska a sama, ya koma. Lafiyarsa lau, yana iya shan iska ta hanjinsa, shi ya sa ake barin ɗan tazara tsakanin ruwa da murfi. Amma in abin ya zama kowane minti, to oksijin ya yi ƙaranci ko ruwa ya ɓaci. Na biyu, ƙayoyin fikafikansa. In ya tsorata yakan miƙe su su kulle, su sarƙe a ragar koma, su kuma soki yatsa da zafi kamar harbin zuma. A kora shi cikin kofi ko roba maimakon a kwaso shi da raga.

Zafin ruwa

Nan ma sunan dangi yana yaudara. Niyon ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, digiri 22 zuwa 25 a ma'aunin Salshiyos. Kadinal da tetra mai jan hanci sun fi sakewa a 26 zuwa 28. A ƙasa ma haka nau'o'in koridoras suke: fanda, mai baƙin tabo a ido, da faliyatus mai ɗige-ɗige, 'yan sanyi ne, in suka daɗe a 28 ƙarfinsu yakan ƙare da wuri. Sitabai kuwa, mai ruwan lemo a fikafikan gaba, yana jure ɗumi. Saboda haka niyon da fanda, kadinal da sitabai. Wanda ya haɗa kadinal da fanda dole ɗayansu ya zauna a takure duk rayuwarsa. Inda ɗaki ke zafi har ruwa ya haura 28 da kansa, hita ba ita ce damuwa ba, a zaɓi masu jure ɗumi tun farko, a kuma ƙara motsin saman ruwa, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin da yawa.

Su ma tetra ba duka ne salihai ba

Safaye, ja mai baƙin tabo a kafaɗa, da mai baƙin siket, da na Buenos Aires da ke cinye shuke-shuke, duk suna da halin tsinkar fikafikan wasu. Koridoras da ke kwance da fiffikensa na baya a tsaye abin tsokana ne a gare su. Abin yakan tsananta in sun yi kaɗan. Su uku ko huɗu za su fita neman wanda za su dama, su goma sha biyu kuwa rigimarsu a tsakaninsu take ƙarewa. Shida shi ne ƙarancin da ake faɗa, amma ni na fi son garke ɗaya babba da ƙananan garke uku. Ya fi kyau a ido, ya fi kwanciyar hankali.

Wa zai fara shiga, da ranar da ciwo ya zo

Sabon tanki ba gida ba ne tukuna. Kifi yana fitar da amoniya, guba ce. Wasu bakteriya da ke zama a soson filta su ke mayar da ita naitirayit, ita ma guba, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda ake ragewa ta hanyar canjin ruwa. Kafin waɗannan bakteriya su kafu ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, kuma kayan gwajin ruwa ne kaɗai za su gaya maka an kai, idan amoniya da naitirayit duk suka nuna sifili. Ruwa yana iya yin garau alhali guba ne. Bayan nan a shigo da tetra kashi-kashi, koridoras su biyo baya da mako biyu ko uku, oto a can ƙarshe. Kowane mako a zuƙe kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari da tiyo, ana bin saman yashi, a mayar da ruwan da aka kashe wa kulorin. Soson filta kuma a cikin tsohon ruwan tanki ake matse shi. Wanda ya kai shi bakin famfo ya wanke tas, ya kashe ma'aikatansa na gaskiya.

Ranar da fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri suka bayyana a jikin tetra, a nan zaman tare ke nuna tsadarsa. Dangin tarwaɗa ba su da ɓawo irin na sauran kifi: wasu fata ce zalla, wasu sulken ƙashi. Magungunan da aka saba, masu jan ƙarfe ko malakait ko fomalin, suna iya yi musu illa a ma'aunin da wani kifi zai jure. Gishiri ma ba abokin kowa ba ne a cikinsu, har da tetra. Dabarar ɗaga zafi zuwa 30 da wasu ke yi kuwa fanda ne zai fara biyan kuɗinta. A karanta takardar magani a ga abin da ta ce kan kifi maras ɓawo, da yawa suna cewa a rage ma'auni, a kuma ƙara iska a ruwa. Abin da ya fi duk wannan sauƙi shi ne ƙaramin tankin killace baƙi, kowane sabon kifi ya yi mako uku ko huɗu a ciki kafin ya shiga jama'a.

Akwai kuma cutar da ake kira da sunan niyon, wadda wata ƙwaya mai suna Pleistophora ke kawowa. Launi ya dushe a wasu wurare, baya ya karkace, kifi ya ware daga garke. Ba ta da magani, kuma ta hanyar cin gawar mai ita take yaɗuwa. Don haka masu cewa a bar gawa a ciki "na ƙasa za su share", su ne ke raba cutar da hannunsu. Wanda ya nuna alama a fitar da shi nan take, gawa kuma ko minti kada ta ƙara.

In komai ya zauna daidai, wata safiya bayan ka canja ruwa da wanda ya ɗan fi na tanki sanyi, abin da su a wurinsu alamar saukar damina ce, za ka ga koridoras sun rikice da guje-guje, maza biyu ko uku na bin mace ɗaya. Za ta haɗe fikafikan cikinta kamar aljihu, ta zuba ƙwai biyu zuwa huɗu a ciki, ta je ta manna su a gilashi ko bayan ganye, ta dawo ta sake. Tun 1878 Pierre Carbonnier ya fara samun faliyatus sun hayayyafa a tanki a birnin Paris, har yau kuma suna cikin kifayen da suka fi sauƙin yin haka. A ranar ce tetran da suka yi watanni ba su ko kalli ƙasa ba za su gano hanya, su bi gilashin suna tsince ƙwan ɗaya bayan ɗaya. Iyayen ma ba su da tabbas. Mai son 'ya'ya sai ya ɗan jira ƙwan su yi tauri, ya murzo su a hankali da yatsa zuwa wata roba mai ruwan tankin da ɗan kumfar iska. Cikin kwana uku zuwa biyar za su ƙyanƙyashe, 'yan siri-siri kamar tsinken gashi. Ba za su koma babban tanki ba sai sun kai wajen santimita ɗaya da rabi, lokacin da suka fi ƙarfin bakin niyon.